Faramitar da ba ta aiki: me ya sa cire ta daga tsohuwar manhajar rumbun bayanai ke jawo muhawara

A ranar 25 ga Satumba, 2025 aka fitar da siga ta 18 ta PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai da aka fi dogara da su a duniya. Sanarwar fitowar ta tsaya ne a kan manyan abubuwa, irin su sabon tsarin karanto bayanai daga faifai, amma a can cikin kod ɗin, wato rubutattun umarnin da aka gina manhajar da su, akwai wani ɗan sauyi da bai kai a yi shelarsa ba, wanda kuma shi ne ya tsayar da aikin wani ɗalibin ajin ƙarshe na sashen kwamfuta a nan Katsina. Ɗalibin ya rubuta 'yar ƙaramar manhajar ƙari da ke auna tsawon lokacin da kowace tambaya, wato umarnin neman bayani, ke ɗauka a rumbun. Ta yi aiki lafiya a siga ta 17, amma da ya kai ta siga ta 18 sai kwamfaila ta ƙi haɗa ta. Da ya bi sawu, ya gano cewa fankshin ɗin da ake kira ExecutorRun, wanda tun siga ta 10 ta shekarar 2017 yake karɓar faramita huɗu, yanzu uku yake karɓa, domin an cire ta ƙarshen mai suna execute_once. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne abin da ya gani da ya koma ya duba kod na baya-bayan nan na siga ta 17: faramitar tana nan zaune ba ta aikin komai, kuma an rubuta bayani a samanta cewa ba a kula ta, an bar ta ne kawai don kada a rushe wa masu tsofaffin sigogi tsarinsu. Tambayar da ya kai wa malaminsa ita ce: "Malam, in sun tabbata ba ta da amfani, me ya hana su share ta ko'ina? In kuma sharewar na da haɗari, me ya sa suka share ta a sabuwar?"

Tambayar ba ta ɗalibi kaɗai ba ce. Manyan masu kula da tsofaffin manhajoji sukan yi saɓani a kanta duk lokacin da wani ya kawo faci, wato gyaran kod da ake liƙa wa manhaja, mai share irin waɗannan faramitoci, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Ma'anar kalmomin

Fankshin wani ƙullin umarni ne mai suna a cikin kod, wanda ake kira ya yi aiki guda ya dawo da sakamako. Faramita kuwa ita ce gurbin da ake zuba masa bayanin da zai yi aikin da shi. Wanda ya taɓa kai ɗinki shagon tela a Babbar Kasuwar Katsina ya ga misalin da idonsa. Tela shi ne fankshin, awon da yaron shago ke ɗauka su ne faramitoci, rigar da aka karɓa ita ce sakamako. Yaron shago ba ya rubuta sunan kowane awo a littafi, lambobi kawai yake jerawa a layi ɗaya bisa tsarin da shagon ya saba: tsawo, kafaɗa, kai, hannu, wuya. Idan shagon a da yana ɗinka hula amma ya daina shekaru da suka wuce, kuma har yau ana zagaya kan kowane mai ɗinki da tef a rubuta lambar a gurbi na uku, to wannan awon kan shi ne faramitar da ba ta aiki. Ana ɗaukarsa, ana rubutawa, ana miƙa wa maigida, amma almakashi bai taɓa bi ta kansa ba.

Kwamfaila ita ce manhajar da ke juya kod ɗin da mutum ya rubuta zuwa harshen da na'ura ke ganewa. Manhajar ƙari kuwa ita ce wadda wasu mutane daban suka rubuta don ta jingina da babbar manhajar ta ƙara mata wani aiki, kamar yadda PostGIS ke ƙara wa PostgreSQL sanin taswira. Sai kalmomi biyu da muhawarar ke juyawa a kansu. API shi ne alkawarin da ke tsakanin masu rubuta kod, wato sunan fankshin da jerin faramitocinsa kamar yadda aka rubuta su. ABI kuwa shi ne wannan alkawarin bayan kwamfaila ta gama aikinta, wato a wane gurbi na na'ura aka ajiye kowace lamba. Idan an karya API, kwamfaila takan tsaya ta yi ƙorafi kamar yadda ta yi wa ɗalibin nan. Idan an karya ABI, sau da yawa babu mai cewa uffan sai ɓarna ta bayyana.

Yadda faramita ke mutuwa

Ba wanda ke zama ya ƙirƙiri faramita don ta zauna banza. Shekaru ne ke kashe ta. Asalin PostgreSQL aikin bincike ne mai suna POSTGRES da Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a 1986. A tsakiyar shekarun 1990 ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka sa masa harshen SQL, wanda ake yi wa rumbu tambaya da shi, a 1996 kuma ya ɗauki sunan da ake kiransa da shi yau. Kod ɗin da harshen C aka rubuta shi, ya haura layi miliyan ɗaya, kuma hannaye da yawa sun bi ta kansa cikin kusan shekara arba'in. A irin wannan gida, wani yakan sauya cikin fankshin ya daina buƙatar wani bayani, amma ya bar ƙofar shiga yadda take, ko don bai lura ba, ko don ba ya son facinsa ya kumbura da gyaran wurare ashirin da ke kiran fankshin ɗin.

Labarin execute_once ya nuna hanyar sarai. A siga ta 9.6 ta 2016 PostgreSQL ya fara iya raba tambaya ɗaya ga ma'aikata da yawa na cikin na'ura su yi ta a lokaci guda, amma wannan rabon yana yiwuwa ne kawai idan za a gudanar da tambayar gaba ɗaya a zama ɗaya, ba a gutsure-gutsure ba. Don haka aka ƙirƙiri wata alama da mai kira zai miƙa, a yi ta miƙa ta daga fankshin zuwa fankshin har ta isa inda ake yanke hukunci. A ƙarshen 2024 aka sake tsarin yadda sashen gudanarwar zai gane hakan da kansa, ba sai an gaya masa ba. Daga ranar alamar ta zama awon hula a shagon da ba ya ɗinka hula.

Wani lokacin kuma babban sashe ne ake rushewa gaba ɗaya. A siga ta 12, wadda ta fito a Oktoban 2019, an cire tsohon tsarin nan da ke ba kowane layin tebur wata ɓoyayyar lamba mai suna OID. Da tsarin ya tafi, faramitar da ke tambayar ko tebur na da wannan lamba ta rasa ma'ana, aka cire ta daga fankshin CreateTemplateTupleDesc da makamantansa. Har yau wanda ya buɗe kod na manhajojin ƙari da suka daɗe yana iya cin karo da tabon wannan sauyi: layi biyu na kira ɗaya, ɗaya na siga ta 12 zuwa sama, ɗaya na ƙasa da ita, da sharaɗin da ke zaɓar wanda kwamfaila za ta ɗauka.

Waɗanda suka yi kama da matattu

A nan ne sabon shiga ya fi yin kuskure. Kwamfailolin GCC da Clang suna da wani zaɓi mai suna -Wunused-parameter, wanda idan an kunna shi zai lissafo duk faramitar da ba a taɓa ba a cikin fankshinta. Wanda ya kunna shi a kan PostgreSQL zai ga gargaɗi ya cika masa allo, shi ya sa ba a kunna shi a ginin yau da kullum na manhajar. Mafi yawan abin da ke cikin wannan jeri ba shara ba ce.

Dalili na farko shi ne fankshin da yawa suna sanye da riga iri ɗaya ne dole. PostgreSQL na da hanyoyin fihirisa, wato jerin da ke sauƙaƙa gano bayani a tebur, da dama, B-tree da Hash da GiST da SP-GiST da GIN da BRIN, kuma babbar manhajar tana kiran kowannensu ta ƙofa mai siffa ɗaya. Cikin abin da take miƙawa lokacin shigar da sabon layi akwai umarnin a duba ko darajar, wato abin da aka zuba a layin, ta maimaitu. B-tree ne kaɗai ke iya tabbatar da rashin maimaici, saboda haka sauran suna karɓar faramitar su ajiye ta gefe. Kwamfaila za ta ce ba ta aiki a wurinsu, kuma gaskiya ta faɗa, amma ba yadda za a cire ta daga Hash a bar ta a B-tree, tunda mai kiran bai san wanda zai amsa ba sai lokacin aiki. Haka duk fankshin da ake iya kira daga SQL yake karɓar ƙunshin bayanin kira iri ɗaya, har da wanda aikinsa kawai ya faɗi darajar pi ko ya faɗi lokaci, wanda ba ya buƙatar a gaya masa komai.

Dalili na biyu shi ne kod ɗaya ake ginawa a kan na'urori daban-daban. Akwai faramitar da ba a taɓa ta a Linux amma ana aiki da ita a Windows, akwai wadda sai an kunna binciken cikin gida na masu gwaji take aiki, har ma PostgreSQL na da wata alama ta musamman, PG_USED_FOR_ASSERTS_ONLY, don irin wannan yanayi. Wanda ya duba a kwamfutarsa kaɗai ya share, washegari injinan gwaji na masu sa kai da ke gina manhajar a kan tsare-tsare iri-iri za su nuna ja.

Dalili na uku shi ne mafi nauyi, kuma shi ne ya sa duba jerin yake da amfani ko da ba za a share komai ba. Wata faramitar ba ta aiki ne saboda an manta a yi aiki da ita. A ce fankshin yana karɓar irin makullin da ya kamata ya sa wa tebur don kada wani aiki ya taɓa shi a lokaci guda, amma a cikinsa wani ya rubuta makulli guda ya kafe. Duk mai kira yana miƙa nasa yana zaton an bi, alhali ba a bi ba. A nan faramitar shaida ce ta kuskure, kuma wanda ya share ta ya goge sawun ɓarawo ne ya bar ɓarawon a ɗaka. Gyaran da ya dace shi ne a sa ta aiki.

Hujjar masu cewa a share

Masu goyon bayan sharewa ba kwalliya suke nema ba. Babbar hujjarsu ita ce jerin faramitoci magana ce da fankshin ke yi wa mai karatu, kuma faramitar da ba ta aiki ƙarya ce a cikin maganar. Wanda ya zo gyara bayan shekara goma, ya ga fankshin na karɓar wani bayani, zai ɗauka sakamakon ya dogara da shi, ya ɓata yini yana bin abin da ba ya kai ko'ina, ko ya gina sabon aiki a kan zaton da ba shi da tushe. Kod ana karanta shi fiye da yadda ake rubuta shi, saboda haka kowace ƙarya ana biyan kuɗinta sau da yawa.

Hujja ta biyu ita ce matacciyar faramita ba ta zama ita kaɗai. Wanda ke miƙa ta shi ma daga wani ya karɓa, wancan ma daga wani, kamar yadda alamar execute_once ta ratso matakai kafin ta iso. Idan an cire ta ƙasa, sai a ga ta sama ma ta zama banza, wani lokacin har a gano wani lissafi ko wata leƙawa cikin kundin tsarin rumbun da ake yi kawai don a samo darajar da ba mai buƙata.

Akwai masu ƙarawa da cewa sharewar na sa manhaja sauri, amma wannan hujjar ba ta da ƙarfi kamar yadda ake zato. A kan Linux mai furosesar x86-64, faramitoci shida na farko masu ɗauke da lamba ko adireshi ana miƙa su ne ta ƙananan aljihunan cikin furosesa da ake kira rajista, abin da kusan ba ya cin lokaci. Ban da haka, idan fankshin na cikin fayil ɗaya ne ba a ganinsa daga waje, kwamfaila kan iya zubar da faramitar da kanta lokacin da take tace kod. Ribar sauri, in akwai, tana wurin aikin da mai kira ya daina yi ne. Ribar gaske ta mai karatu ce.

Hujjar masu cewa a bari

Masu ɗari-ɗari ba sa musun cewa kod mai tsabta ya fi. Abin da suke cewa shi ne a lissafa kuɗin tsabtar, a kuma duba wanda zai biya.

Kowace shekara PostgreSQL na fitar da babbar siga ɗaya, kuma kowace siga ana kula da ita shekara biyar, ana fitar mata da ƙananan gyare-gyare aƙalla sau huɗu a shekara, a Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba. Ma'ana a kowane lokaci akwai aƙalla rassan kod biyar da ake raino, kowace siga da nata, ban da reshen da ake gina siga mai zuwa. Idan aka gano kuskure, musamman na tsaro, akan gyara shi a sabon reshe sannan a ɗauki facin a liƙa wa tsofaffin. Facin yana zama ne idan layukan da ke kewaye da shi sun yi kama. Duk layin da aka taɓa a sabon reshe don share faramita ya zama wurin da faci zai iya ƙin zama a tsofaffin, sai mai gyara ya zauna ya daidaita da hannu, reshe bayan reshe, har tsawon shekara biyar. Mutanen da ke da ikon shigar da sauyi a kod ɗin kuwa 'yan kaɗan ne, ba su wuce gommai ba, kuma gyaran hannu a kan kod ɗin da ke riƙe da bayanan mutane shi ne inda sabon kuskure ya fi samun ƙofa. Abin da suke gudu ke nan, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Sai kuɗin da ke faɗa wa mutanen waje. Manhajojin ƙari da ke zuwa tare da PostgreSQL, irin su pg_stat_statements da auto_explain, waɗanda dukansu ke rataye a ƙugiyar ExecutorRun, wato wurin da aka tanada don manhajar ƙari ta sa nata aikin, wanda ya cire faramitar shi ke gyara su a faci ɗaya. Amma na waje, tun daga manya har zuwa na ɗalibin Katsina, kowa shi zai gyara nasa, kuma wanda ke son manhajarsa ta yi aiki a sigogi biyar dole ya riƙe siffofi biyu na kira ɗaya. Wanda ya share ya yi aikin rabin awa, waɗanda bai taɓa gani ba su biya sauran.

Akwai kuma ƙananan dalilai. Tarihin kod, wanda ke ajiye a Git, manhajar adana sauye-sauyen kod, tun 2010, shi ake bi a gano wanda ya sauya layi da dalilinsa, kuma shara mai faɗi tana rufe wannan sawu da ƙura. Lokacin masu bita ma dukiya ce, awar da aka kashe wajen tantance faci mai taɓa fayil hamsin an ɗauke ta ne daga wani aikin. Wani lokaci kuma faramitar da aka cire bana wani aiki na baɗi zai dawo da ita, a taɓa layukan sau biyu.

Littafin awo da haɗarin da ba ya magana

A koma shagon tela. A ce maigida ya yanke shawarar daina awon kai, ya koma karanta lambobi huɗu: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya. Idan ya tara yaransa ya gaya musu, an buɗe sabon littafi, ba matsala. Amma a ce akwai yaro ɗaya da ke zuwa gidaje ɗaukar awo ana gab da Sallah, bai ji sanarwar ba, ya dawo da lambobi biyar bisa tsohon tsari. Maigida zai karanta lamba ta uku a matsayin hannu alhali awon kai ce, ya karanta ta huɗu a matsayin wuya alhali hannu ce. Ba wanda zai tsayar da shi, domin lamba lamba ce. Sai an yanka shadda an ɗinka, mai kaya ya zo gwadawa, sannan a san an yi ɓarna.

Haka harshen C yake. Bayan an haɗa manhaja, abin da ake dubawa lokacin da manhajar ƙari ke neman fankshin shi ne sunansa kawai, ba a ƙirga faramitoci ba a duba irinsu. Idan an cire ta tsakiya a ƙaramin gyara, manhajar ƙarin da aka haɗa watanni da suka wuce za ta ci gaba da zuba lambobi a tsofaffin gurabe, fankshin ya ɗauki adireshin wani abu a matsayin wani. Sa'a ita ce manhajar ta faɗi nan take. Rashin sa'a ita ce ta ci gaba da tafiya tana rubuta abin da ba daidai ba. Cire ta ƙarshe, kamar execute_once, bai kai wannan haɗari ba a yawancin na'urori, amma zai hana a sake haɗa manhajojin ƙarin da aka rubuta wa wannan sigar, wanda shi ma karya alkawari ne.

PostgreSQL na da mai gadi a wannan ƙofa, amma iyakarsa babbar siga. Kowace manhajar ƙari tana ɗauke da wani hatimi da ke nuna babbar sigar da aka haɗa ta dominta, kuma rumbun ba ya yarda ya ɗora wadda hatiminta bai dace ba. Wadda aka haɗa wa 17 ba za ta shiga 18 ba sai an sake haɗa ta, a nan kuma kwamfaila za ta kama duk saɓani. Tsakanin 17.1 da 17.2 kuwa hatimin ɗaya ne, mai gadi ba ya tambaya. Wannan shi ne amsar tambayar ɗalibin: babbar siga ita ce ranar buɗe sabon littafin awo, lokacin da kowane yaro dole ya zo shago a gaya masa, ƙaramar siga kuwa littafin da ake ciki ne.

An ga abin da ke faruwa idan aka kuskure wannan iyaka. A ranar 14 ga Nuwamba, 2024 aka fitar da ƙananan gyare-gyare, ciki har da 17.1 da 16.5, waɗanda suka sauya girman wani tsarin bayanai na ciki mai suna ResultRelInfo. Ba faramita aka cire ba, amma ciwon ɗaya ne: manhajojin ƙarin da aka riga aka haɗa, irin su TimescaleDB, sun ci gaba da aiki da tsohon awo. Mako guda bayan nan, ranar 21 ga watan, aka fitar da 17.2 da 'yan uwanta ba a kan jadawali ba, kuma mayar da girman yadda yake yana cikin abin da suka gyara.

Yadda wasu suka bi da nasu

Microsoft ta zaɓi haƙuri. Duk manhajar Windows da ke farawa ta fankshin WinMain tana karɓar faramita mai suna hPrevInstance, wadda ta yi aiki a zamanin Windows mai bit 16, amma tun da aka koma bit 32 a shekarun 1990 babu komai a cikinta kullum. Ta haura shekara talatin a haka, domin cire ta zai taɓa manhajojin da ba su ƙirguwa.

SQLite, rumbun bayanan da Richard Hipp ya fara a 2000 wanda ke cikin kowace wayar Android da iPhone, ya bi wata hanyar. Idan ana son sauya fankshin da mutanen waje ke kira, sai a ƙirƙiri sabo kusa da shi a bar tsohon, shi ya sa ake da sqlite3_prepare da sqlite3_prepare_v2 da sqlite3_prepare_v3 duk a raye. A cikin gida kuma suna da alamar UNUSED_PARAMETER da ake sa wa faramitar da aka bari da sani. Masu shi sun bayyana niyyar kula da shi har 2050, wanda ya ɗauki irin wannan alkawari kuwa ba ya yawan taɓa ƙofar gida. Harsunan ma sun tanadi mafita: C++17 da C23 duk suna da alamar maybe_unused, wadda ke gaya wa kwamfaila da mai karatu cewa an san da zaman faramitar.

Inda ma'aunin ya fi karkata

Idan aka ɗora hujjojin a kan juna, za a ga ɓangarorin biyu ba a kan faramita ɗaya suke magana ba. Fankshin da ke cikin fayil ɗaya, ba a ganinsa daga waje, masu kiransa biyu ko uku, kuma an bi tarihi an ga facin da ya kashe faramitarsa, share ta ba ya cutar da kowa, kuma zai yi wuya a sami mai ƙi. Fankshin da aka bayyana wa duniya, ko ƙugiyar da manhajojin ƙari ke rataye a kai, sai ribar ta fi wahalar da za a ɗora wa na waje, kuma a babbar siga kaɗai. Wanda siffarsa ta zo daga ƙofar da yake rabawa da wasu, ba a taɓa shi.

Abin da ya fi jawo turjiya shi ne faci guda mai share komai, wanda aka samo ta kunna gargaɗi ko ta na'urar tace kod irin clang-tidy, domin yana cakuɗa nau'ukan nan wuri ɗaya ya bar wa mai bita aikin rarrabewa. Na'urar tana iya nuna inda faramita ba ta aiki, amma ba ta san dalilin ba, kuma dalilin ne ke yanke hukunci. Facin da ya fi samun karɓuwa shi ne ƙarami, mai faramita ɗaya ko 'yan kaɗan masu dangantaka, wanda ya faɗi lokacin da ta daina aiki da sauyin da ya jawo hakan. Mafi arha duka shi ne wanda ya kashe faramitar ya cire ta a facin da ya kashe ta, tunda layukan sun riga sun motsa, kamar yadda aka yi wa execute_once a reshen da ya zama siga ta 18.

Abin da ya shafi mai amfani a Katsina

Ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi a Daura da ke cike rahoton wata ba za ta taɓa jin sunan ExecutorRun ba, amma alkaluman da take tattarawa suna ƙarewa ne a DHIS2, manhajar bayanan lafiya da Najeriya ke amfani da ita, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo kuma take zaune a kan PostgreSQL. Abin da wannan taka-tsantsan ke saya mata shi ne wanda ke kula da rumbun ya iya sa gyaran tsaro na wata uku-uku ba tare da fargabar wani abu zai karye ba. Inda aka saba ƙaramin gyara na karya abubuwa, masu kula da na'urori sukan daina sa shi, rumbun ya zauna da ramukan da duniya ta riga ta sani.

Ga ƙananan kamfanonin da ke rubuta wa makarantu da shagunan magani da ƙungiyoyin adashi manhaja a Katsina, sauyin bai taɓa su kai tsaye ba muddin SQL kawai suke rubutawa, domin waɗannan faramitoci na cikin ciki ne. Inda zai same su shi ne ranar ƙaura zuwa babbar siga. Kafin a taɓa rumbun da ke aiki, a lissafa manhajojin ƙarin da ke kansa, a tabbatar kowace ta fitar da sigar da ta dace da sabuwar, a gwada ƙaurar a kan kwafi. Wadda mai ita ya daina kula da ita tana iya tsare rumbu gaba ɗaya a tsohuwar siga har wa'adinta ya ƙare, kamar yadda na siga ta 13 ya ƙare a Nuwamban 2025.

A kod ɗinsu na kansu kuwa, wanda ba wani na waje da ke jingine da shi kuma reshe ɗaya ake raino, yawancin hujjojin masu cewa a bari ba su hau kansu ba, sharewar ta fi sauƙi ƙwarai. Abin da ya rage musu shi ne tambayar da dalili na uku ɗin nan ya taso da ita, ko faramitar mutuwa ta yi ko mantawa aka yi da ita. Fankshin lissafin kuɗin makaranta da ke karɓar rangwamen marayu amma ba ya taɓa shi, kwamfaila za ta lissafa shi a layi ɗaya da sauran.

Ɗalibin dai ya gyara nasa da layi biyar: sharaɗin da ke duba lambar siga, kira mai faramita uku idan ta kai 18, mai huɗu idan ba ta kai ba, haka kuma a kan fankshin ɗin da ya rataya a ƙugiyar. Siga ta 17 za ta ci gaba da samun gyara har Nuwamban 2029, saboda haka layukan za su zauna a manhajarsa har zuwa lokacin in yana son ta yi aiki a duk sigogin da ake kula da su.